WA KE DA ALHAKI IDAN HAIHUWA TA BAR RAUNI?

A unguwar Bagadaza ta cikin garin Gombe, kamar sauran unguwannin garuruwan Arewa, babu labarin da ke saurin zagaya gidaje kamar labarin haihuwa. Kafin hantsi ya dubi ludayi mata sun fara shiga barka, ran kwana bakwai kuma a yanka rago a raɗa suna. Amma akwai gidajen da murnarsu ba ta cika. Wata maijego takan dawo daga asibiti fitsari na bin ƙafarta, ba ta da ikon riƙe shi. Wani jariri yakan faɗo bai yi kuka ba, sai bayan wata takwas ko tara a lura wuyansa bai tsaya ba, zama kuwa ya gagara. Wani kuma hannunsa guda a sake yake tun ranar da aka haife shi.

Idan haka ta auku, maganar da aka fi ji ita ce, haka Allah Ya ƙaddara. Babu mai imanin da zai musa wannan. Sai dai imani da ƙaddara bai taɓa hana a tuhumi direban da ya yi barci a kan sitiyari ba. Dokar Nijeriya da fiƙihun Malikiyya duka sun bambanta raunin da ba a iya kauce masa da raunin da sakacin ma'aikaci ya jawo, kuma abin da ke raba gardama tsakaninsu, galibi, shi ne abin da aka rubuta a takardun asibiti a lokacin naƙuda.

JINKIRI IRI UKU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 75,000 suka rasu a Nijeriya saboda ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in matan da suka mutu ta wannan hanya a duniya baki ɗaya. Waɗanda suka tsira da rauni, su da jariransu, sun fi haka yawa nesa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 kacal cikin 100 ake yi a asibiti.

Tun daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Abin da suka gano shi ne, mutuwa da rauni sun fi yawa ƙwarai a cikin matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, waɗanda sai da naƙuda ta cije a gida aka kwaso su ranga-ranga. A 1994 wasu masana suka kasa dalilan irin wannan hasara kashi uku. Akwai jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, akwai jinkirin hanya, akwai kuma jinkirin samun kulawa bayan an isa.

Jinkiri na farko na iyali ne: maigida ya yi tafiya, ko uwar miji ta ce a ƙara haƙuri, ko ana ta ba da rubutu da jiƙo har kwana biyu. Na biyu ya fi damun mutanen karkara. Mutumin Bagadaza kuwa a cikin babban birnin jiha yake. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauci ran 1 ga watan Oktoba 1996, garin ya sami Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda aka mai da ita Asibitin Koyarwa na Tarayya a 2014. Ga Asibitin Ƙwararru na Jiha, ga Asibitin Mata da Yara na Zainab Bulkachuwa, ga ƙananan ɗakunan haihuwa da asibitocin kuɗi. Keke mai ƙafa uku ya isa ya kai mace ɗayansu. Saboda haka ga mazauna irin wannan unguwa, jinkiri na uku shi ne abin dubawa, domin daga lokacin da mai naƙuda ta shiga ƙofar asibiti aka karɓe ta, nauyinta ya hau kan asibitin.

YADDA RAUNIN KE SAMUWA

Yoyon fitsari shi ne raunin da aka fi sani. Idan naƙuda ta yi tsawo kan jariri ya kasa wucewa, sai ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har jini ya daina zuwa wurin. Naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube, sai ƙofa ta buɗe. Sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. Likita Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya fara ɗinkin wannan ciwo a Babbar Ruga ta Katsina a 1984, kuma akwai cibiyar tarayya ta wannan aiki a Ningi, Jihar Bauci. Likitocin da ke wannan ɗinki sun lura da wani abu: ban da yoyon doguwar naƙuda, ana ƙara samun wanda wuƙar tiyata ce ta jawo shi, inda wanda bai ƙware ba ya yanki mafitsara ko bututun fitsari wajen ciro jariri. Wannan kam a cikin asibiti yake samuwa.

Ta wajen jariri, babban haɗari shi ne ƙarancin iska. Idan ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta sami isasshiyar iska ba, kafin fitowa ko jim kaɗan bayanta, yaro yakan tashi da shanyewar gaɓoɓi, ko farfaɗiya, ko rashin magana, abin da wasu ke dangantawa da iskokai. Ciwon shawara mai tsanani a makon farko ma yana yin wannan ɓarna idan ba a sa jariri a ƙarƙashin fitilar magani da wuri ba. Shanyewar hannu kuma takan biyo bayan maƙalewar kafaɗar babban jariri, idan jijiyoyin wuya suka miƙe fiye da kima wajen fitar da shi.

Wajibi ne a faɗa cewa ba kowane irin wannan rauni ne laifin ma'aikaci ba. Akwai shanyewar gaɓoɓin da asalinta tun cikin ciki ne. Akwai maƙalewar kafaɗar da ƙwararriyar ungozoma ma ba za ta hana ba. Abin da ake tambaya shi ne, an yi abin da aka saba yi, kuma an yi shi a kan lokaci?

Abin da aka saba yi sananne ne ga duk wanda ya shiga makarantar ungozoma. Idan naƙuda ta kankama, ana sauraron bugun zuciyar jariri duk rabin sa'a, kuma lafiyayyen bugu yana tsakanin 110 da 160 a minti guda. Ana duba buɗewar bakin mahaifa duk sa'a huɗu, a rubuta a takardar lura da naƙuda, domin a gane da wuri in haihuwa ta tsaya. Ruwan naƙuda ba a ɗaura shi a tafi a bar mace, don yana iya fasa mahaifa. Mai hawan jinin da ya kai ga jijjiga akwai allurarta sananniya. Jaririn da bai yi numfashi ba ana hura masa iska da 'yar jaka cikin minti na farko. Game da zubar jini kuwa, wani babban bincike da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da wata leda mai ma'auni, tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba tare da jira ba, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100.

ABIN DA KOTU KE NEMA

Wanda ya kai ƙarar asibiti sai ya tabbatar wa alƙali abu uku. Na farko, cewa kula da majinyaciyar ya hau kan asibitin. Na biyu, cewa an kasa yin abin da ma'aikaci mai matsakaiciyar ƙwarewa zai yi a wannan hali. Na uku, cewa wannan gazawa ita ce ta jawo raunin. Ma'aunin nan na biyu ya samo asali ne daga shari'ar Bolam da aka yi a Ingila a 1957, kuma kotunan Nijeriya suna aiki da shi. A 1980 kotun ƙoli ta Ingila ta wancan zamani ta duba ƙarar wani yaro da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu bayan likita ya yi ƙoƙarin jawo shi da ƙarfe kafin ya koma ga tiyata. Alƙalin farko ya ba shi fam 100,000, amma daga bisani aka soke, aka ce ba kowane kuskuren hasashe ne ke zama sakaci ba.

Iyalai da yawa ba su san cewa ba dole ne sai sun gano sunan ungozomar da ke aiki a daren ba. Doka ta ɗora wa mai asibiti alhakin abin da ma'aikatansa suka yi a bakin aiki, ko gwamnati ce ko ɗan kasuwa. A 1961 wata kotu ta kama Hukumar Asibitin Koyarwa na Ibadan da alhaki a kan wata maijego da aka ga alamun taɓin hankali tare da ita bayan ta haihu, ba a sa mai tsaronta ba, ta faɗo daga bene ta mutu. Kotun ta ce abin da ya faru shi kansa shaida ne, sai dai asibitin ya kawo bayanin da zai wanke shi, bai kuwa kawo ba. A 2012 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta bi wannan hanya ta tabbatar da alhaki a kan Hukumar Asibitocin Jihar Filato, a ƙarar wani sufeton 'yan sanda da ya je neman maganin ciwon huhu ya koma gida kurma.

Amma fa ba kullum ake cin nasara da wannan hujja ba. A 2006 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar wata mata da aka bar guntun allurar ɗinki a cikinta bayan tiyata a Asibitin Koyarwa na Binin. Likitocin sun yi bayanin yadda allura kan karye ba da sakaci ba, ita kuwa ba ta kawo wani likitan da zai rushe bayaninsu ba. To, a nan ne gizo ke saƙa. Ƙarar asibiti tana bukatar likita mai ba da shaida, likitoci kuwa ba su cika son tsayawa a kotu su soki ɗan'uwansu ba. Shi kansa mai shaidar ba shi da abin dogara sai takardun da aka rubuta a ranar.

YARDAR MACE DA HAKKINTA

Akwai wani ɓangaren alhaki da ya shafi bayani. A ƙasar Sikotland an haifi wani yaro a 1999 da shanyewar gaɓoɓi bayan kafaɗarsa ta maƙale. Uwarsa gajeruwa ce mai ciwon sukari, likita kuma ta san haɗarin maƙalewar ya kai kashi 9 zuwa 10 cikin 100, amma ba ta gaya mata ba, don kada ta zaɓi tiyata. A 2015 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ce wannan sakaci ne, aka biya diyyar fam miliyan 5 da dubu 250. Wannan ita ce shari'ar Montgomery.

A nan gida, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikaci ya sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarin kowace hanya, cikin harshen da yake ji. Ta wajabta wa kowane asibiti ya ajiye takardun majinyaci, ta kuma mai da sauya su ko lalata su laifi. Sashe na 20 ya hana a mai da mai bukatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, wanda ya saɓa kuwa yana fuskantar tarar Naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Mace mai zubar jini ko mai jijjiga, ba a ce mata sai ta biya kuɗin kati tukuna.

A 2001 Kotun Ƙoli ta wanke wani likita da aka tuhuma saboda mutuwar wata maijego wadda ta ƙi ƙarin jini bisa aƙidarta. Kotun ta ce baligi mai hankali shi ke da ikon yarda ko ƙin magani a jikinsa. Wannan hukunci yana da darasi ga al'adar nan ta a tsaya jiran maigida ya dawo daga kasuwa ya sa hannu kafin a yi tiyata. Shawara da miji abu ne mai kyau, amma a wurin doka yardar matar ita ce abin nema. Idan kuma iyali ne suka ƙi tiyata, ko suka ɗauke majinyaciya suka tafi, aka rubuta, to asibiti ya fita.

MAGANAR MALAMAI

Masu ganin neman diyya rashin tawakkali ne, ya kamata su koma ga littattafan da ake karantawa a zaure. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni a kan wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilmin ba. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi hukuncin diyya a kan likitan da ya yi kuskure wajen kaciya ya wuce iyaka, ya kuma ɗauke shi a matsayin kuskuren da dangin likitan na wajen uba ke ɗaukar biyansa. Ibnu Rushdi ya ambata cewa malamai sun haɗu a kan wajabcin diyya idan likita ya yi irin wannan kuskure. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta sa diyyar rai dinari 1,000 ga ma'abota zinariya, ta kuma sa cikakkiyar diyya a kan gushewar hankali, ko ji, ko gani.

A ɗaya gefen, malamai sun ce ƙwararren da aka ba izini, ya yi aikinsa yadda ya dace, hannunsa bai ƙetare ba, amma cuta ta biyo baya, babu lamuni a kansa. Ke nan ma'aunin malaman fiƙihu da na alƙalan zamani kusan ɗaya ne. Yafewa kuma tana nan ga mai so, da ladarta, sai dai mutum ba ya yafe abin da bai san an yi masa ba.

INDA AKE KAI KUKA

Ƙofa ta farko ita ce ta shugabannin asibitin, a rubuce, domin Dokar 2014 ta ba kowa ikon kai koke a kuma bincika. Ta biyu ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1963. Ana kai mata ƙara da takardar rantsuwa, kwamitin bincike ya duba, in ya ga akwai abin tuhuma ya miƙa wa kotun ladabtarwa. Wannan kotu tana iya jan kunnen likita, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajista, amma ba ta yanka diyya. Ungozoma da ma'aikatan jinya suna da tasu majalisar, wadda dokar soja ta 1979 ta kafa. Akwai kuma Takardar Hakkin Majinyata da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018.

Diyya sai a babbar kotu, ko ta hanyar sulhu. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Dokar Kare Ma'aikatan Gwamnati ta ce ƙarar da ta shafi aikin ma'aikacin gwamnati a shigar da ita cikin wata uku, kotuna kuma sun faɗaɗa wannan kariya har ga hukumomi. Wata uku kuwa, maijego ba ta daɗe da gama wanka ba, kuma raunin ƙwaƙwalwar jariri bai gama bayyana ba. Akwai togaciyar da lauyoyi kan kafa hujja da ita, kamar inda cutarwar ke ci gaba, amma dogara da ita kasada ce. Wanda ya ga alamar an yi masa ba daidai ba, ya nemi lauya ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a tun da zafinsa.

LAIFIN MA'AIKACI KO NA HUKUMA?

Adalci ya sa a dubi halin da ma'aikatan ke ciki. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Ungozoma guda da ke tsaye a kan mata huɗu masu naƙuda da tsakar dare ba za ta iya sauraron zuciyar kowane jariri duk rabin sa'a ba. Tiyatar gaggawa ba ta yiwuwa in babu wuta, ko babu jini, ko mai ba da maganin barci yana gida. Irin wannan gazawa ta mai asibiti ce, shi ya sa ƙarar da aka shigar a kan hukuma ta fi kai wa ga gyara bisa wadda aka ɗora wa ƙaramar ma'aikaciya ita kaɗai. A watan Nuwamba na shekarar 2024 ne Ministan ya ba da sanarwar yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta, abin da aka yi don rage jinkirin neman kuɗi a bakin ɗakin tiyata.

Abin da ya rage ga iyali kaɗan ne, amma yana da nauyi. A je awo, a adana katin. Wanda ya raka mai naƙuda ya riƙe lokacin da suka isa, da lokacin da aka fara duba ta, da lokacin da aka ce za a yi tiyata, da lokacin da aka yi. A ajiye rasit da takardar sallama. In jariri bai yi kuka ba, ko an kwantar da shi, a nemi likita ya yi bayani, a kuma nemi rahoto a rubuce. Asibitin da ya yi aikinsa ba ya tsoron wannan, domin takardar da za ta kama mai sakaci ita ce za ta wanke mai gaskiya. Yaron da ya shanye yana bukatar magani da gashi da mai ɗawainiya da shi har tsawon rayuwarsa, kuma uwar da ke goyon ɗan shekara bakwai a bayanta tana da hakkin ta san ko abin da ya same shi ana iya kauce masa.